Sharar Sakkwato a da taki ce, leda ce ta ɓata ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridar nan taku in yi magana kan shara a garinmu Sakkwato, kuma ka yi haƙuri in na ja zancen da tsawo don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ka ji ya tashi maganar shara a rediyo abu ɗaya yake cewa, wai mutanenmu ƙazamai ne a wayar masu da kai. Ni kam ban yarda da wanga zance ba, ko in ce rabinsa kawai na yarda da shi. Ka shiga gida ko wane iri cikin garin ga da hantsi, ko gidan ƙasa ne, za ka tarar mata sun share tsakar gida tas tun kafin rana ta ɗaga sun yayyafa ruwa, wata ma sau biyu take shara a yini. Matar da ke wanga aiki kullum ba wayar da kai take buƙata ba. Matsalar daga bakin zaure take farawa, an share an tara a bokiti ko tsohon buhu, toh ina za a kai? Babu mai ba da amsar wanga tambaya, shi ya sa kwata da kango da gindin falwaya sunka zama amsar.

Ka ɗauki bokitin shara na gida ɗaya, ko a Kanwuri ko Rijiyar Ɗorowa ko Mabera, ka zazzage ka duba abin da ke ciki. Abin da ya fi nauyi ƙasa ce da rairayin tsakar gida, sai toka, sai kashin awaki da tumaki da kaji tunda kusan kowane gida ana ɗan kiwo, ragowar harawa, ɓawon albasa, totuwar rake, sauran tuwo da ya lalace. Wurin manomi wanga duka dukiya ce. Kuma haka anka ɗauke ta a da. Manya na nan da ransu a tambaye su, in bazara ta yi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da gari, su Dundaye da Kwalkwalawa da wajen Kware da Wamakko, da jakuna da mangala suke shigowa su kwashe juji su kai gona, wani har sai ya roƙi mai gida, wani ya kawo ɗan damin gero bayan kaka don a riƙa aje masa. Ƙasarmu ta tudu jigawa ce, in ba ka ba ta taki ba ba ta ba ka komai. Kenan gari na ciyar da gona, gona na ciyar da gari, babu tifa babu kwangila kuma juji ba ya shekara a wuri ɗaya. Lokacin in za ka sayo koko ko fura kwano kake ɗauka, ƙosai a takarda, goro a ganye, cefane a kwando ko a fanteka. Duk abin da anka yar ƙasa na iya cinye shi.

Sai leda ta zo. Yau in ka aiki yaro shago ya sayo sukari da ganyen shayi da magi da omo, kowanne da ledarsa za a ƙulla sannan a haɗa su cikin babbar baƙar leda, kuma in mai shago bai ba da ledar ba har faɗa ake yi da shi. Koko mai zafi a leda, miya a leda, awara, fura da nono, har man ja. Ga fiya wata da ta cika ƙasa tun wajen shekarun 1990, kuma garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu ba ka hana mutane shan ruwan sanyi ba. Jaka ɗaya ƙwaya 20 ce. Gidan da ke shan jaka biyu a yini, kuma ba wani babban gida ba ne wannan, leda 40 kenan kullum, a wata 1,200, gida ɗaya tal, ba a sa na biki da suna da wurin zaman makoki da tashar mota ba. Ga famfas da ya maye gurbin tsumman da ake wankewa a shanya, ga robar tekawe, ga robobin lemo. Duka waɗannan ana zuba su bokiti ɗaya da tokar nan da kashin awakin nan.

Abin da nake son a gane kenan, ba yawan sharar kaɗai ya canza ba, haɗin ne ya kashe mu. Takin da ada ake roƙo yanzu an cakuɗa shi da abin da ba ya ruɓewa. Har yanzu akwai manoman da ke sayen tifar bola su zuba a gona saboda takin zamani ya fi ƙarfin talaka, amma je ka ga gonar. Iska ta kwashi leda ta liƙa ga kowace ƙaya da kowane kara, wadda ta nutse cikin ƙasa kuma ta hana ruwa shiga ta hana saiwa tafiya, mai noma na kaftu yana tono leda, ga fasassun kwalabe, wani lokaci har allura da reza. Dayawa sun haƙura da takin bola saboda haka, kuma ranar da manomi ya daina zuwa ranar juji ya fara zama dutse a tsakiyar unguwa.

Sai dabbobi, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo don ni ma ina ɗan taɓa kiwo. Mu da ake alfahari da mu kan jar akuya da fatarta ta yi suna har Turai, da shanun gudali, amma dabbobinmu a kan bola suke kiwo. Ledar da anka ƙulla miya ko gishiri ko dusa cikinta ƙamshin abincin na nan, akuya ko saniya ba ta bambancewa, haɗiyewa take. Ledar ba ta narkewa ba ta fita, a tumbi take taruwa tana murɗewa har ta dunƙule ta cika wurin abinci. Sai ka ga dabba na ramewa, ciki ya kumbura ya yi tauri, cin abinci ya ragu, nono ya ƙafe, kai ta saye-sayen maganin tsutsa da allurai a banza, ƙarshe a yanka ta da asara ko a wayi gari ta mutu. Duk mai shakka ya je mayanka da safe ya tambayi rundawa abin da suke cirowa cikin tumbi, ko ya tambayi likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mace ta yi shekara tana tattalin tunkiya don ta sayar da layya ta rage kayan ɗakin ɗiyarta, ledar naira nawa ta cinye mata jari.

Maganar kwata kuwa kowa ya sani. Ruwan samanmu na wata uku zuwa huɗu ne, sauran watannin duk magudanan ruwa a bushe suke, toh sai sunka zama bola mai tsawo, mai shago ya share gaban shagonsa ya tura ciki, mai lemu da kankana ya tura ciki. Wasu ma da gangan suke jiran hadari, ruwa na saukowa a fito da buhunan shara a juye wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Kwalbatin farko take tsayawa ta toshe, ruwa ya hau titi ya shiga gidajen da ke gangare, katangar ƙasa ta jiƙa ta zube wa mutane. Wadda ta samu wucewa kuma fadama ta nufa, cikin gulbin Rima da na Sakkwato, inda ake noman albasa da tumatir da shinkafar da za a dawo mana da su kasuwa. Ban ce shara ce ta kawo ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a ba, wancan ruwan gulbi ne da ya fi ƙarfin kowa, amma wanga ruwan da ke kwana cikin unguwanni duk shekara bayan ruwan awa ɗaya, namu ne mu munka haɗa shi. Kuma duk gwangwani da tsohuwar taya da robar da ta riƙe ruwa ɗakin haihuwar sauro ne, kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwai ya zama sauro mai cizo. Ga ƙuda da ke tashi daga famfas ya sauka kan abincin yara. Ba a manta kwalarar 2021 ba, mutum sama da dubu 100 anka yi zargin sun kamu a faɗin Najeriya sama da 3,000 sunka rasu, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya taɓa.

Wanda bai zuba a kwata ba sai ya cinna wuta, a ganinsa shi ne mai tsafta. Da magariba musamman lokacin hunturu ka zaga unguwanni ka ji, hayaƙin leda ya haɗu da hazo ya tsaya ƙasa ƙasa ba ya tashi, masu asma da tsofaffi da jarirai su ke shan wahala. Ƙona kara da ganye daban, ƙona roba da taya da famfas daban, wanga na biyu guba yake fitarwa mai shiga huhu, tokar ma guba ce kuma nan kaji za su zo su yi tono. Ballantana masu babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, wannan maganar wata rana ce.

Yanzu Malam Edita bari mu faɗi gaskiya kan wa ke kwashe sharar garin ga. In ka cire manyan tituna da unguwannin manya, almajiri ne da yaran gida. A ba yaro naira hamsin ko ɗari ko ragowar tuwo a ɗora masa buhu a ka, ba a tambaye shi ina zai kai ba, shi ma ba wanda ya nuna masa. Yaro da buhu mai nauyi cikin wanga rana ba zai yi tafiyar kilomita ba, kangon farko da ya gani ko filin da mai shi bai gina ba ko bayan katangar makaranta ko ta maƙabarta nan zai sauke. Gobe wani ya ga an fara ya ƙara, wata ɗaya ya zama bola mai suna har ana kwatance da ita. Mai filin ya zo ya rubuta Allah ya isa a bango, ba ta hana komai. In ɓera da sata daddawa ma da wari, mu da muke aiken yaran muna da laifi, amma wanda ya kamata ya aje wurin zubawa kusa bai aje ba shi ma ya amsa nasa.

Kuma aikin wa ne? Mutane sun saba komai sai su ce gwamna. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ƙarara ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi tare da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Birnin ga kuwa ya bazu, ba Sakkwato ta Arewa da ta Kudu kaɗai ba ne, ya shiga Wamakko ya shiga Dange Shuni ya taɓa Kware, su Arkilla da Kwannawa duk gari ne yanzu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Toh ni ina ganin lokaci ya yi da duk wanda ya zo neman kansila ko ciyaman za a tambaye shi a bainar jama'a, bola nawa ce a mazaɓarka, ran wace rana ake kwashe ta, ina ake kai ta. Mun iya tambayar taki da shinkafar azumi, wanga kam ba mu taɓa tambaya ba.

Tsaftar ƙarshen wata da munka gada tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, wanda anka fara a 1984, ba na zaginta, amma yadda muke yinta wasa ne. Matasan unguwa Allah ya saka masu, su fito da shebur da manjagara su shiga kwata har gwiwa ba safa ba takalmi su yashe, a tara baƙar laka a bakin titi a ɗauki hoto a sa a Facebook. Motar da za ta kwashe ba ta zo ba. Sati ɗaya rana ta busar, 'yan kabu kabu da motoci sun tattake, awaki sun baza, iska ko ruwan farko ya mayar da ita inda anka ciro ta. Na sha ganin haka a layinmu har samarin sunka daina fitowa, kuma ban ga laifinsu ba. Shara kullum ake yinta, ba ta jiran Asabar ɗin ƙarshen wata. Duba gari na da da iyayenmu ke ba mu labari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa ya duba masai, tsoronsa ake ji saboda kullum yana nan kuma mai unguwa na bayansa.

'Yan bola jari fa? Na san mutane na jin haushinsu, kuma da dalili, akwai ɓata gari cikinsu masu ɗauke tukunya da murfin kwalbati da wayar wuta. Amma a duba da kyau, a garin ga kaf su kaɗai ne ke raba shara. Ƙarfe, alminiyam, dalma, tagulla, gwangwani, robar bokiti, kwali, ba ka ganin ɗaya ya kwana a bola saboda akwai mai saye a kan sikeli ya loda a tirela ya kai kamfani. Darasin da ke ciki shi ne duk abin da anka sa wa farashi ba ya zama a titi. Leda ta cika gari ne don ba ta da nauyi, sai ka tara buhu da buhu kafin ta yi kilon da zai saya maka abinci. Ran da anka buɗe wurin sayen ledar fiya wata a kilo da kuɗin da ya taka kara ya karya, a kowace shiyya, wallahi yara da mata za su tsince garin ga ba tare da sanarwa ba. Kuma ana yin abu da ita, ana narkar da ita a yi wasu kayan roba, a Ghana da wasu garuruwan Najeriya ana haɗa ta da yashi a yi bulon daɓen ƙasa. Ga kamfanin siminti a Kalambaina, tanderun siminti zafinsa na kai wa digiri 1,450, a ƙasashe da dama irin wanga tanderu ake ba sharar roba da taya ya ƙone a madadin wani ɓangare na makamashi, ba irin ƙonawar bakin layi ba. Masana su zauna da su a ga ko zai yiwu a nan. Su kuma 'yan bola jari a yi masu rajista da kati da shugabanni a unguwa, wanda ya yi sata a san inda za a same shi, ya fi a kore su duka.

Akwai wadda ba a maganarta sam, sharar kemis da ƙananan asibitoci, sirinji da allura da audugar jini da ake samu cikin bola ɗaya da yara ke tono ba takalmi. Ga batiran sola da na inbata da sunka cika gari saboda rashin wuta, in sun mutu ana fasa su a fili a zubar da ruwan a ciro dalma. Maƙwabtanmu Zamfara sun ga abin da dalma ke yi a 2010, yara sama da 400 sunka rasu, duk da cewa nasu daga dutsen zinari ne da ake niƙawa cikin gida, amma gubar ɗaya ce.

Sannan ko an kwashe ina ake kaiwa? Abin da munka saba shi ne a nemi tsohon ramin da anka haƙi ƙasar gini a bayan gari a yi ta juyewa. Shekara kaɗan gari ya cim ma wurin, a baje a yanka fulotai, mutum ya gina a kan leda gini ya tsage, ya haƙa rijiya kusa ruwan da ya tsatso daga ruɓaɓɓiyar shara ya gangara ciki. Wurin zubar da shara na gaskiya ana zaɓensa nesa da fadama da rijiyoyi, a daɓe ƙasansa da yumɓu ko shimfiɗar roba mai kauri don kar ruwan ya nutse, a kewaye shi, kullum katafila ta danne abin da anka kawo a rufe da ƙasa. Ba wani sihiri ba ne, kuma filin da za a yi shi bai gagare mu ba.

Wasu na cewa a hana leda kawai a huta. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi a 2017 da tara mai tsanani, Legas ma ta hana robar tekawe mai kumfa a farkon 2024. Ni ina goyon bayan a fara da baƙar ledar nan sirirya ta cefane, don kwando da jakar buhu na iya maye gurbinta gobe. Amma fiya wata kada a taɓa ta sai famfo ya kawo ruwa, in ba haka ba an hana talaka ruwan sha ne kawai, kuma dokar da ba a iya tsarewa raini take jawowa. Gara a sa masu kamfanonin ruwan su riƙa karɓar ledarsu, motar da ta kawo jaka ta koma da buhun fanko, a rage wa mai shago wani abu a kai.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Mu a gida mu aje mazubi biyu, ɗaya na toka da ƙasa da kashin dabbobi da ɓawo, ɗaya na leda da roba da famfas, kar su haɗu, wanga ba ya cin ko sisi kuma na farkon manomi zai zo har ƙofa ya ɗauka ya ma biya. Masu unguwanni da hakimai su zauna da kansiloli a ware wurin tarawa da yaro zai iya kai wa da ƙafa, a ba matasa baro ko kura su bi gida gida a riƙa biyansu ɗan abin da anka yanka a sati, a sa ranar da mota ke zuwa kuma ta zo. Limamanmu na Juma'a su taimaka da huɗuba, tunda hadisi ya tabbata cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, a faɗa wa mutane ƙarara cewa juye buhun shara cikin kwata ranar ruwa cutar da maƙwabcin da ke gangare ne.

Ku kuma 'yan jarida don Allah ku turo wakilinku kafin ruwan farko ya zaga Tsohuwar Kasuwa da Kara da bayan babbar tasha da cikin Mabera da Tudun Wada, ya ɗauki hoton kwalbatocin, ya je wurin shugabannin ƙananan hukumomin ya tambaye su motar shara nawa gare su mai tashi, ku buga mana amsar da sunka bayar.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato